Ƙwayoyin narka abinci: Ciwon ciki ba abin ciniki ba ne

Duk lokacin Babbar Sallah, da zarar an shiga suyar naman layya, sai tallan ƙwayoyin narka abinci ya cika gidajen rediyo da Facebook da WhatsApp. Alƙawarin ɗaya ne: ka ci kitse iya son ranka, ka haɗiyi ƙwaya biyu, ba kumburin ciki, ba ƙwannafi. Abin takaici, masu saye ba mutanen tasha kaɗai ba ne; har da ma'aikata da 'yan boko da ke yin oda daga Amurka da Dubai.

Gaskiyar magana ita ce, mai lafiya ba ya buƙatarsu. Idan maiƙo ya isa ƙaramin hanji, matsarmama kan zubo ruwan ɗaci da ke tsinka shi, sannan gaɓar da likitoci ke kira fankiriyas ta sako sinadarin da ke farfasa shi, kuma tana samar da fiye da abin da jiki ke buƙata. Nauyin cikin da mutum ke ji bayan ya cika tumbi da balangu da romon kai, mafi yawa saboda maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi ne. Rage loma shi ne maganinsa.

Akwai masu buƙatar waɗannan sinadarai da gaske: waɗanda fankiriyas ɗinsu ta lalace saboda daɗaɗɗen kumburi, ko ciwon daji, ko tiyata. Alamarsu rama da bayan gida mai maiƙo, kuma likita ke rubuta musu magani irin su Creon bisa awo. Ya kamata mai saye ya sani cewa daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa wannan nau'in. Abin da lalura ta halatta wa majinyaci, ba mu ga hujjar mai lafiya ya sha shi don ya ƙara tsire ba.

Babbar damuwarmu ita ce abin da ƙwayar ke sa a yi sakaci da shi. Ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, wanda kan harba zuwa baya ko kafaɗa, sananniyar alama ce ta tsakuwa a matsarmama. Hoton ciki na sikanin kan gano ta cikin mintuna. Masu cutar sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, sun fi saurin kamuwa da ita tun suna yara. Idan tsakuwar ta toshe hanya, sai shawara da zazzaɓi, wani lokaci har kumburin fankiriyas mai kisa. Wanda ya shafe shekara yana haɗiyar ƙwaya, shekara guda ya ba cutar.

Kada kuma tambarin ƙasar waje ya ruɗi kowa. Tun dokar 1994, a Amurka ana sayar da irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba tare da hukumar magunguna ta ƙasar ta tabbatar suna aiki ba.

Don haka muna kira ga hukumar NAFDAC da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON su bi sawun tallan da ake yi da Hausa, su tilasta a faɗa da baki cewa ciwon da ke dawowa na asibiti ne. Gidajen rediyo su ma su nemi takardar amincewa kafin su karɓi kuɗin talla.