Kyanwoyin Sake a Ƙasar Jahun: Tarko da Fiɗiya Sun Fi Guba

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Jahun, aka cika rumbuna da gero da dawa, aka kuma kwaso shinkafa daga fadamun Kogin Hadejia, sai ɓeraye su yi wa gidaje dirar mikiya. A bayansu kuma sai ga kyanwoyin sake, wato waɗanda ba su da mai su, suna kwana a kangaye da bayan mahauta da wurin masu tuyar kifi. Idan suka yi yawa, suka soma ɗauke 'yan tsaki da busasshen kifi, abin da yakan fara zuwa a zuciyar maigida shi ne ya sa musu guba. Wannan kuwa babban kuskure ne, domin akwai hanyar da ta fi shi.

Dalilin yawansu ba boyayye ba ne. Mage takan soma ɗaukar ciki tun tana da wata 5 ko 6, cikin nata kuma kwana 63 zuwa 65 ne kacal. Tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya 3 zuwa 5. Tarihin tsibirin Marion na ƙasar Afirka ta Kudu ya isa misali. A 1949 aka kai kyanwoyi biyar can don su kama ɓeraye a wata tashar nazarin yanayi. Kafin 1977 sun kai kimanin 3,400, suna hallaka dubban tsuntsayen teku kowace shekara, ba a kuwa gama kawar da su ba sai a 1991.

To, me zai hana a kashe su kawai? Da farko, guba ba ta san kyanwa ba. Kaza za ta ci, shirwa da ungulu za su ci gawar, yaro ma yana iya tsinta. Na biyu, masana sun lura cewa muddin abinci yana nan, in aka kashe kyanwoyin wata unguwa, sai na maƙwabta su matso su cike gurbin, su ci gaba da haihuwa. Na uku, kyanwa tana da aikin da take yi wa ɗan Adam. Ɓeran da ake kira Mastomys, wanda ke zama a gidaje da rumbunan Afirka ta Yamma, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. A 1969 aka fara gano cutar a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin matakan rigakafinta, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida. Garin da ya kashe kyanwoyinsa kaf ya buɗe wa ɓera ƙofar rumbu ke nan.

Hanyar da ta fi ita ce a kama, a fiɗiye, a mayar. Ana ɗana tarkon keji da ɗan kifi a ciki, wanda ke rufewa ba tare da ya ji wa dabbar ciwo ba. Likitan dabbobi zai yi mata allurar barci, ya cire marainan muzuru, ko ya cire wa ta macen mahaifa da ƙwayayen haihuwa. Daga nan sai allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa da shi, tana kuma sa wa mutum ta cizo. Akan datse ƙarshen kunne ɗaya don a shaida wadda aka riga aka yi wa aikin. In ta farfaɗo sai a mayar da ita inda aka kama ta, ta ci gaba da farautar ɓera ba tare da ta ƙara yawan 'yan uwanta ba. Faɗa da kukan dare na muzurai ma sukan ragu. Ƙasar Italiya ta mayar da wannan hanya doka tun 1991, inda ta hana kashe kyanwoyin sake. Ga Bahaushe kuwa fiɗiya ba baƙon abu ba ne, tun kaka da kakanni ana yi wa rago da bunsuru da sa.

Amma fa dole a faɗi gaskiya, hanyar tana da iyaka. Bincike ya nuna cewa sai an fiɗiye aƙalla kashi 70 cikin ɗari na kyanwoyin wuri kafin yawansu ya soma raguwa. Fiɗiye biyu ko uku a bar sauran ɓata kuɗi ne. Haka kuma kyanwar da aka fiɗiye ba ta daina cin tsuntsu. Dausayin Hadejia da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga yarjejeniyar Ramsar a 2000, masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu. Saboda haka kyanwar da aka kama a bakin fadama kada a mayar da ita can. Gara a nema mata gida mai rumbu a cikin gari, musamman ƙananan da ba su wuce wata biyu ba, domin su ne ke saurin sabawa da mutane.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin. Manomin da ambaliyar 2022 ta cinye wa gona ba zai biya kuɗin tiyatar mage ba. Nan ne ya kamata sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ya haɗa kai da jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Maiduguri. Ɗalibai na buƙatar koyon tiyata a gaban malamansu, gari kuma na buƙatar aikin. A ɗauki unguwa ɗaya, masu unguwanni su taimaka a ƙirga kyanwoyinta, a gama da ita sarai kafin a wuce gaba. Mahauta da masu kifi su ma su riƙa binne tarkacensu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: abincin da ake zubarwa shi ke tara su tun farko.