Idan Ɗanka Ya Ce Zai Sake Fanni

Kwanan baya wani uba ya zo mana cikin damuwa. Ɗansa ya gama digiri a lissafin kuɗi, sai ga shi yana so ya yi digiri na biyu a fannin rigakafin bala'i, wato ambaliya da fari da zaizayar ƙasa. Uban ya ce, "Malam, shekara huɗu ta tafi a banza ke nan?"

Muka ce masa ko kaɗan. Ku tuna, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwanni da yawa a Maiduguri. Haka ya faru a 1994. Saukar ruwan sama ba a hannunmu take ba, amma duba madatsa, da hana gini a hanyar ruwa, da yi wa jama'a gargaɗi da wuri, duk aikin masu sani ne.

Shi wannan karatu yana bukatar mutane iri iri. Injiniya ya duba ƙarfin gini, masanin ƙasa ya zana taswirar wuraren haɗari, mai lissafi kuwa ya ƙididdige hasara, ya tsara kuɗin agaji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar koyar da shi.

Saboda haka iyaye, kada mu yi saurin faɗa. Mu zaunar da yaron mu tambaye shi: wa zai biya kuɗin makaranta, ina kuma zai nemi aiki? In ya amsa da hankali, mu sa masa albarka. Rigakafi dai ya fi magani.