Wabi da Cututtukan Gado Masu Magani: Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Duk wanda ya nazarci al'adun haihuwa na Hausawa ya san wabi: mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna jarirai, har a kai ga laƙaba wa na baya suna irin Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta ƙyale shi. Manazarta sun yi ƙoƙari wajen fito da hikimar waɗannan sunaye da camfin da ke tattare da su. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, kalmar tana ɗauke da labarin da likitan yara yake nema ruwa a jallo, wato mutuwar jarirai bi da bi a ɗaki ɗaya, da alamu iri ɗaya.

Ba shakka, mafi yawan yaran da ake rasawa a ƙasar Hausa zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa da sikila ne ke ɗauke su. Amma akwai wani kaso da ke ɓuya a bayan waɗannan, shi ne na cututtukan gado da ke hana jiki sarrafa abinci. Yaro yakan zo duniya da naƙasu a wani sinadari guda da ke narka wani ɓangare na abinci, sai abin da bai narke ba ya taru ya zama dafi ga ƙwaƙwalwa ko hanta. Akasarinsu sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, alhali su lafiyarsu ƙalau, kuma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Tun a 1902 likitan Ingila Archibald Garrod ya lura cewa irin wannan lalura ta fi bayyana a 'ya'yan auren zumunci.

Wasu daga cikinsu maganinsu bai taka kara ya karya ba. Yaron da jikinsa ba ya iya sake amfani da sinadarin biyotin yakan yi ta jijjiga, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi ƙuraje, daga baya ya kurumce. Ƙwayar biyotin ta kullum tana hana duk wannan in an fara da wuri. Akwai kuma farfaɗiyar jarirai da ba ta jin magungunan farfaɗiya, sai bitamin B6. Jinkiri shi ne masifar, domin abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

A ƙasashe masu hali, ɗigon jini daga diddigen jariri ya isa a gano da dama daga cikin waɗannan cututtuka, dabarar da Robert Guthrie ya fito da ita a Amurka a farkon shekarun 1960. A Arewa maso Yammacin Nijeriya kuwa, yawancin haihuwa a gida ake yin ta, don haka abin da ya rage wa likita shi ne abin da uwa ta faɗa. Bakin uwa ba abin rainawa ba ne: a 1934 wata uwa ce a Norwe ta dage cewa fitsarin 'ya'yanta biyu yana wani irin wari, har likita Asbjørn Følling ya bi diddigi ya gano cutar fenilketonuriya.

A nan ne maganar ta dawo hannun masana harshe. Uwa Bahaushiya da aka tambaya yawan 'ya'yanta takan ƙirga masu rai, kunya da raɗaɗi su hana ta ambaton waɗanda suka koma. Tambayar ko mijinta ɗan'uwanta ne ba ta da kan gado, tunda “ɗan'uwa” yana ɗaukar ɗan baffa da ɗan gari ɗaya. Da an tambaye ta ko kakansu ɗaya, ko taubasai ne, da amsar ta fito sarai. “Shawara” ta haɗe kowace irin rawayar ido, “iska” ta haɗe kowace irin jijjiga. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin ungozomomi da wanzamai da iyaye mata, yanki-yanki, tare da tantance iyakar ma'anar kowace, aiki ne na sassan Hausa na jami'o'i tare da likitocin yara, kuma ya fi ƙirƙirar sababbin kalmomin da ba mai furta su amfani.

Wani zai ce tono wannan batu zai shafa wa auren zumunci kashin kaji, ya kuma ƙara jefa mai wabi cikin zargi. Tsoron yana da tushe, shi ya sa lafazin da za a yi bayani da shi yake bukatar gwani. Mafi yawan 'ya'yan zumunci lafiyayyu ne, ƙwayar kuma ta ɓangare biyu take zuwa, ba daga mace kaɗai ba. Sikila ta nuna cewa al'umma tana iya karɓar wannan bayani, har ta kai Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024.

Mafi wuyar bayani ita ce galaktosimiya, inda jariri ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin nono: amai da shawara tun makon farko, hanta ta kumbura, yana ta rufe ido. Maganinta yaye nan take, a koma madarar waken soya. Ga al'adar da ta saba jefa tururuwa cikin nono don gane “mugun nono”, wannan sai ya yi kama da gaskata camfi, alhali nonon lafiyarsa lau, jikin jaririn ne bai iya karɓarsa ba, kuma gwajin asibiti kaɗai ke raba gardama. Ma'aikaciyar jinyar da ta shekara tana wa'azin shayar da nono zalla tana bukatar jimlar Hausa da za ta faɗa wa wannan uwa ɗaya ta daina shayarwa, ba tare da sauran matan da ke kan benci sun yaye nasu ba.