Fatima Ahmad Ibrahim da bashin da mata ke bin mu

A zaurukanmu na Mai Wurno da Gadarif da Kassala, idan aka ambaci sunan Fatima Ahmad Ibrahim, akan samu dattijon da zai girgiza kai ya ce, "Ai 'yar gurguzu ce," daga nan sai a rufe zance. Mu muna ganin an yi gaggawar rufewa, kuma mu Hausawan Sudan muna cikin waɗanda suka fi asara da wannan gaggawar.

Tun tana ɗaliba a sakandaren 'yan mata ta Omdurman ta jagoranci yajin aiki saboda hukumar makarantar ta soke darussan kimiyya. A 1952 tana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan, ta shiga jam'iyyar gurguzu a 1954, sannan ta riƙe mujallar Sautul Mar'a, wato muryar mace. Bayan juyin Oktoba na 1964 da ya kawar da mulkin Janar Abbud, mata suka samu cikakken 'yancin zaɓe, ita kuma ta zama mace ta farko a majalisar dokokin Sudan a 1965. A ƙarshen shekarun 1960 gwagwarmayar ƙungiyarsu ta kai ga daidaita albashin mace da na namiji, da hutun haihuwa, da fansho ga ma'aikatan mata. Duk malamar makaranta ko ungozomar asibiti daga cikinmu da ta taɓa karɓar albashi tana jego, ta ci gajiyar wannan wahala, ko ta san sunan Fatima ko ba ta sani ba.

Ta kuma biya da tsada. Mijinta, Shafi'u Ahmad Shaikh, shi ne jagoran tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Sudan. Bayan juyin mulkin Hashim Atta ya ci tura a Yulin 1971, Numeiri ya sa aka rataye shi, ita kuma aka yi mata ɗaurin talala sama da shekara biyu. An kama ta ba sau ɗaya ba bayan haka. Da Bashir ya hau mulki a 1989 sai ta yi hijira, ta shugabanci tarayyar mata ta duniya mai ra'ayin gurguzu a 1991, ta dawo gida a 2005, ta rasu a Landan ranar 12 ga Agusta, 2017.

Mun san abin da ke damun dattawanmu. Aƙidar gurguzu, kamar yadda aka yi ta a Tarayyar Sobiyet, ta yi gaba da addini, kuma zuriyar mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 don tsare addininsu suna da hujjar yin kaffa-kaffa. Sai dai Fatima ba ta taɓa ɓoye musuluncinta ba, ba a ganin ta sai cikin laffaya, kuma ta sha kafa hujja da Musulunci wajen kare haƙƙin mace. Ana iya ƙin jam'iyyarta ba tare da an ƙi gaskiyar da ta faɗa kan gumin mace ba.

Ƙorafinmu a wani wurin yake. Dokokin da ta yi fafutuka a kansu sun fi amfanar matar birni mai ilimi da takardar ɗaukar aiki. Kakanninmu mata da suka tsinci auduga a gonakin Jazira, da iyayenmu masu tuya da sayar da gyaɗa da shayi a bakin kasuwa, ba su da albashin da za a daidaita, balle fansho. Amma laifin wa? Ita ta tara nata mutanen. Awadiyya Mahmud Koko ta nuna cewa hanyar ba ta masu digiri kaɗai ba ce, domin ta haɗa masu sayar da shayi da abinci a Hartum cikin ƙungiyar gama-kai, har aka karrama ta a Amurka a 2016.

Matanmu sun san adashi da gayya tun kafin a haifi Markis. Abin da ya rage shi ne adashin ya samu rajista da shugabanni da bakin magana a gaban hukuma. Rikicin Bulunayil na Yulin 2022 da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 sun bar gidaje da yawa a wuyan mata, a gari da sansanin gudun hijira. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Idan matan unguwa suka ce za su kafa ƙungiya, kada mu tare musu ƙofa da sunan kunya, kada kuma mu cire yarinya daga aji don talla. Allah ya jiƙan Fatima, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.