Doki Namu, Linzami Nasu: Maganar Batirin Kyamara

'Yan'uwa ɗalibai, mun san ba za a rasa wanda zai ga kan wannan magana ya ja tsaki ba, ya ce ana ta kuɗin makaranta da tsadar abinci da ƙarancin ɗakunan kwana, ina ruwan mujallar ƙungiya da batir? Muna roƙon mai wannan ra'ayi ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, domin Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu dai ya tsone mana namu, har yau kuwa bai daina hawaye ba.

Ga yadda abin ya faru. Kyamara ɗaya tak ke gare mu a wannan mujalla, ta hannu ce, karo-karo aka yi aka saye ta. Da Makon Hausa na bara ya matso, muka lura batirinta ya tsufa, ba ya riƙe wuta, sai muka fita neman wani. Mun bi shagunan Titin Ahmadu Bello ɗaya bayan ɗaya, mun kutsa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mun leƙa Kasuwar Barci, har Kawo sai da muka je. Amsa uku muka yi ta samu. Wani ya ce babu, sai dai a aika Legas. Wani ya fito da na ainihi, ya faɗi kuɗin da ya sa muka dubi juna muka yi shiru. Wani kuma, a wani shago da ba za mu ambata ba, ya miƙo mana mai araha a cikin kwali mai sheƙi, ya rantse da girman Allah cewa ya fi na ainihin ƙarko. Shi muka saya, tun da shi aljihunmu ya iya ɗauka.

Ranar taro, babban baƙonmu wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya zo ya ba mu labarin Kakuri a zamanin da injuna ke ruri dare da rana. Kafin ya miƙe tsaye kyamara ta ɗauke, alhali ko hoto 30 ba mu yi ba. Bayan mako biyu batirin ya kumbura, da ƙyar muka zaro shi daga cikinta. Dattijon nan ya riga mu gidan gaskiya kafin damina ta sauka, Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage mana na wannan rana shi ne wani dusu-dusun hoto da wani ya ɗauka da waya daga ƙarshen zaure, wanda ko iyalinsa ba za su shaida shi a ciki ba.

To, laifin wa? Sauƙin abin shi ne mu ɗora wa mai shago mu huta. Yana da nasa kason, za mu kuwa zo kansa. Amma wanda ya tsaya a nan ya tsaya a reshe ya bar saiwa.

Mu fara da kuɗi. Batirin Canon da ake kira LP-E6NH, wanda ya fito a 2020, an sa masa kimanin dala 80 a Amurka. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara sai ta yi ta gangarawa, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ke nan batir guda ya kama kusan naira 120,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. A wannan shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata, kuɗin guzuri kuma da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara bayarwa naira 20,000 ne a wata. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: guzurin wata 6, ba ci ba sha, a kan abin da bai kai akwatin ashana biyu girma ba.

Me ke cikinsa da ya kai haka? Wanda ya taɓa fasa irin wannan batir ya san babu wani sihiri. Ƙwayoyi biyu ne na lithium, kowace tana ba da bolt 3.6 ko 3.7, aka jera su suka ba da 7.2 ko 7.4, sai wani ɗan allon lantarki mai hana caji ya wuce kima, sai kwanson roba. Fasahar ma ba sabuwa ba ce, tun 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin lithium a kasuwa. Ɗauki LP-E10, wanda ke cikin ƙananan kyamarorin Canon irin su 1100D da 1300D da ɗalibai suka fi riƙewa: an rubuta masa 860 mAh a kan bolt 7.4. Batirin waya mai 5,000 mAh, irin wanda ke cikin wayoyin talakawa a yau, ya ninka shi kusan sau 3 wajen yawan wutar da yake ɗauka, amma babu mai gyaran waya a Kaduna da zai nemi rabin kuɗin nan a kansa. Ashe ba wuta ake sayar mana da tsada ba, siffar kwanso ce.

Nan ne gizo ke saƙa. Iyayenmu sun san batir iri ɗaya ne: wanda ka sa a rediyo shi za ka sa a tocila, ko daga wace ƙasa ya fito, ko a wane teburi ka saya. Har kyamarorin zamani na farko-farko, da yawansu da ƙananan batura na AA suke aiki, in sun ƙare ka tsallaka titi ka sayo. Sannu a hankali kowane kamfani ya ƙera nasa kwanson. LP-E10 na Canon ba ya shiga Nikon, EN-EL14 na Nikon ba ya shiga Sony, NP-FW50 na Sony ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Kai, a cikin gida ɗaya ma, batirin wannan kyamara ba ya shiga ƙanwarta. Alhali kuwa in ka fasa su duka, abin da ke ciki ɗanjuma ne da ɗanjummai. Shi ya sa ɗan kasuwar Kaduna ba ya iya tara su a shago, don ba ya san wanne za a nema ba, in kuwa ya ajiye suka daɗe sai su lalace a kan kanta. Ƙarancinsu a garin nan ba haɗari ba ne, ɗan da wannan tsari ya haifa ne.

Ba su tsaya a kwanso ba. A 2009 kamfanin Panasonic ya fitar da sabuwar manhaja ga wasu kyamarorinsa wadda ke hana su aiki da batirin da ba nasa ba, ya kuma faɗi haka a fili. Yau kyamarori da dama suna yi wa batir tambaya kafin su karɓe shi, in ba su gamsu ba su yi gargaɗi, ko su ƙi nuna yawan wutar da ta rage. Ka sayi doki da guminka, amma linzami yana hannun wani a Tokyo ko Osaka. In wannan ba sabon salon mulkin mallaka ba ne, to a gaya mana sunansa.

Hujjarsu ita ce tsaro: wai batirin da ba nasu ba yana iya kama wuta. Ba mu musa ba, mu da muka ga namu ya kumbura. Amma a tuna, a 2006 miliyoyin baturan kwamfuta da Sony ya ƙera aka janye daga kasuwa saboda zafi da gobara, a 2012 kuma Nikon ya janye wani kaso na EN-EL15 nasa. Ashe haɗarin yana ga aikin da ba a kyautata ba, ko wane ne ya yi shi. Maganinsa a kafa ma'auni ɗaya wanda kowa zai cika, a kuma sa ido a kansa. Tarayyar Turai ta nuna ana iyawa: daga 28 ga Disamba 2024 ta wajabta wa sababbin wayoyi da kyamarori da ake sayarwa a ƙasashenta bakin caja iri ɗaya, wato USB-C, kamfanonin kuwa suka bi, don ba su iya rasa wannan kasuwa. Wanda ya iya haɗa kan caja, me zai hana shi haɗa kan batir?

Yanzu mu dawo gida. Akwai bambanci tsakanin batirin wani kamfani mai sa sunansa a jiki, ya faɗi gaskiyar ƙarfinsa, da jabu mai satar sunan wani. Na farkon halal ne, shi ne ma mafitar talaka. Na biyun ha'inci ne. Masu yin sa suna zuba ƙananan ƙwayoyi ko tsofaffi, wani lokaci su rage allon kariya, sa'an nan su buga lambar da ta ninka ta ainihi a jikin kwanso. Mai shigo da shi ya san abin da ya shigo da shi. Mai sayarwa kuma da ya rantse a kan abin da bai gwada ba, ya ci amanar ɗan'uwansa. An kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, tun 1971, don irin wannan. Muna kira gare ta, da hukumar kare haƙƙin masu saye, su riƙa shiga kasuwa da ma'auni a hannu.

Abin da ya fi ciwo shi ne, kayan da ake yin batirin nan daga ƙarƙashin ƙafafunmu suke fita. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Lithium kuwa ga shi a Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar tace shi a 2024, ga shi a jihar nan tamu. A kwashe dutse da araha, a dawo mana da shi cikin roba da tsada. Haka aka yi da gyaɗa, haka aka yi da fata da kuza. Garin da ya kafa masaƙa a 1957, ya fara harhaɗa motar Peugeot a 1975, yau shi ke jiran motar Legas ta kawo masa batir.

Wani zai ce a bar kyamara mana, ai waya ta wadatar. Waya ta wadatar ga hoton abokai a bakin aji. Ba ta wadatar ga ɗalibin aikin jarida da aka ce ya koyi sarrafa haske da nisa ba, ko ga 'yan'uwanmu da ke biyan kuɗin makaranta da hoton biki da suna a Unguwar Rimi da Malali da Badarawa, ko ga mai son ɗauko fuskar mai jawabi daga ƙarshen zaure. Duk wanda ya shiga Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna ya duba hotunan farkon ƙarni na 20, zai tarar yawancinsu baƙi ne suka ɗauka, abin da suka ga dama suka nuna, abin da ba su so suka bari. Masu hoton da suka ɗauki hawan daba na FESTAC a garin nan a 1977, da yawansu kyamarorinsu ba sa bukatar batir sai don awon haske. Mu da ake ce wa 'yan zamani, ɗan kwanson roba ya isa ya hana mu ajiye tarihinmu. Al'ummar da ba ta ɗauki hoton kanta ba, wani zai ɗauka mata, ba kuwa yadda take so ba.

Kuka kaɗai ba ya magani, saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta ƙidaya masu kyamara a cikinmu da irin batirin kowa, a haɗa kuɗi a yi sari gaba ɗaya daga dillali guda, da sharaɗin mayarwa in kaya bai cika ba. Na biyu, a sayi ma'aunin gwada batir a ajiye a ofishin ƙungiya, kowa ya kawo nasa a auna, a liƙa sakamako a allon sanarwa, mai gaskiya ya sami ciniki, maha'inci ya ji kunya. Na uku, a tanadi batura na aro da wurin caji mai aiki da hasken rana, don wanda ya karɓi aikin biki kada rashin wuta ya kunyata shi. Na huɗu, 'yan'uwanmu masu karatun kimiyyar lantarki, nan da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su haɗa kai da masu sana'a na Panteka su koyi sauya ƙwayoyin tsohon batir, a ƙarƙashin idon malamai, domin lithium ba abin wasa ba ne, kuskure kaɗan sai gobara.

Kafin nan, kowa ya kiyaye. In ka ga lambar da ke jikin batir ta zarce ta ainihin nesa ba kusa ba, ƙarya ce, domin kwanso ɗaya ba ya cin ninki biyu. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu abinsu. Ka tafi da kyamararka ka gwada a gaban mai shago, ka karɓi rasit. Kada ka bar batir a cikin mota ko a rana, balle a zafin Maris da Afrilu. In za ka daɗe ba ka yi aiki da shi ba, ajiye shi da rabin caji. Wanda ya kumbura kuwa, kada ka sake sa shi a caja, kada kuma ka jefa shi a bolar da ake ƙonawa.

Za mu kai waɗannan bukatu gaban majalisar ɗalibai a zamanta mai zuwa, muna kuma son duk mai kyamara ya zo da ita a wuyansa. Makon Hausa na bana yana tafe, akwai sauran dattawa a garin nan da ba a ɗauki hotonsu ba, ba kuwa za su jira mu ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.