OBA-OBA A TEKU BA WAYAR HIRA BA CE

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a ƙasar nan, maganar rigar ceto da lodi fiye da kima ake yi. A kogunan Neja da Kebbi hakan ne. Amma a ruwan Legas, inda ƙananan jiragen fasinja da na masunta ke ratsa hanyar manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa, akwai abin da ba a cika taɓowa ba: yaya mai ƙaramin jirgi zai yi wa babba magana kafin su yi karo?

Jama'a, babban jirgi ba shi da birki. Ko kyaftin ya ga dama, sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya. Kuma daga inda yake zaune, ɗaruruwan mitocin da ke gaban hancin jirgin ba ya ganinsu sam. Kai kana kallonsa kamar dutse, shi bai san kana duniya ba.

To oba-obar nan tana da ladabinta. Layi na 16 na kira ne da neman agaji, kowane jirgi yana sauraronsa, don haka ba wurin gaisuwa da tambayar iyali ba ne, duk da mu mun saba. Ka kira, ya amsa, ku koma wani layin, galibi na 13. Ka kira jirgin da sunansa, na'urar AIS tana nunawa. In ka tsaya kana cewa "jirgin da ke gabana", jirage uku na iya amsawa, ka yi yarjejeniya da wanda ba shi ba, na gaskiyan yana tahowa. Ka faɗi sunanka, inda kake, da abin da za ka yi: zan bi ta bayanka. Shi ke nan, ka saki maɓallin, don muddin kana danne da shi ba ka jin kowa. Mayday kuwa sai rai na cikin haɗari.

Inda nake da ja shi ne masu ɗaukar oba-oba kamar lasisin ciniki. Dokar hana karo ta duniya ta 1972 ta riga ta yanke: a ƙunƙuntar hanya, jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babba hanya. In ka ji ƙaho gajeru sau biyar, cewa yake bai gane nufinka ba, lokacin surutu ya wuce, juya kawai.

Ni a ganina, NIWA da hukumar ruwan Legas su sa wannan cikin sharuɗɗan ba da izini. Duk matuƙin da zai ɗauki fasinja ya ratsa hanyar Apapa, ya nuna oba-obarsa tana aiki, a kuma sa shi ya gwada kira ɗaya a gaban jami'i kafin a sa masa hannu.