Tarin jinjiri: ya warke, amma huhun fa?

Hunturu ya kama, hazo ya sauko bakin kogi, kuma a gidajen komin ɗin Tanda an fara jin tarin yara da dare. Mun saba cewa majina ce, za ta wuce. Sau da yawa takan wuce ɗin. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne abin da takan bari a ƙirjin yaro.

Huhun jinjiri bai gama ginuwa ba. Ƙananan jakunkunan iska da ke cikinsa suna yawaita ne a shekaru biyu zuwa uku na farko, don haka ciwon limoniya da ya same shi a lokacin kan taɓa ginin tun daga tushe. Binciken Drakenstein na Afirka ta Kudu, wanda ya bi yara tun haihuwa, ya gano cewa waɗanda ciwon ya kama suna jarirai numfashinsu ya fi rauni daga baya. A Birtaniya ma an bi mutanen da aka haifa a 1946, kuma sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2023 ya nuna wanda ya yi irin wannan ciwo kafin shekara 2, haɗarin mutuwarsa da wuri ta ciwon numfashi ya kusan ninkawa. To, can ke nan. Ina ga yaronmu da ke goye a bayan uwa tana hura icce, ko tana bandar kifi?

A takarda dai muna da kariya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, a 2014 kuma aka shigar da rigakafin limoniya cikin alluran yara. Sai dai kowa ya san yadda takan kasance: a duba yaro kyauta, a rubuta takarda, a ce je ka saya. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, maganin da ke shigowa ta tashar Kwatano ya koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Uba mai jaka ɗaya a aljihu sai ya nufi mai tallar ƙwaya a kasuwa, a ba yaro rabin magani, zazzaɓi ya sauka, a ce alhamdu lillahi.

Wannan rabin maganin shi ya fi damunmu, don saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. Amoksisilin sai an cika kwanakin da ma'aikacin lafiya ya faɗa.

Akwai awon da ba ya cin ko dala. A ɗaga rigar yaro yana kwance natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, iyaye mata, kar a jira maigida ya dawo daga gona. A kama hanyar likita ranar nan.